Kawuna na Ɗakin Kabbaniya

Da maza suka dawo daga binne Kawu, rana ta riga ta take tsaka. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rakuba, rumfar karan da ke ƙofar gidanmu, a ƙauyenmu na kusa da Wad Haddad. Mu mata muna daga ciki, amma zana ba ta tare magana. Duk wanda ya iso sai ya ɗaga hannu ya ce Fatiha, a shafa, ya zauna, ya faɗi abin da ya sani a kan mamacin. Abin da ya ƙona mini rai shi ne yawancinsu ba su san komai ba.

Wani tsoho da hawasharsa, wato gonarsa ta ban-ruwa, ke maƙwabtaka da tamu ya ce, "Allah shi jiƙan shi. Amma mutum na mai tauri. Bai taɓa riƙon hauya yadda uban shi ya riƙa ba."

Wani saurayi ya tambaya ko ba shi ne mai gyaran salula ba. Liman ya ce shi dai shaidarsa guda ce, bai taɓa ganin sahun gaba babu shi ba. A ciki kuwa matar ƙanensa ce ta fi kowa ɗaga murya wajen kuka, ita da ko romo ba ta taɓa aiko masa ba duk tsawon jinyarsa. Inna, mahaifiyata, wadda ita ce ƙanwarsa da ta yi jinyar, tana zaune a gefen angarib, gadon igiyar da ya cika a kai, idonta a bushe.

Wajen la'asar sai ga mota daga Sinja. Direban kamfanin da Kawu ya yi wa aiki ne, ya kawo buhun sukari da kwalin ganyen shayi. Ya ce mudir, shugaban ofis, bai samu zuwa ba, amma ya aiko da saƙon murya. Ya ciro wayarsa ya kunna a tsakiyar rakuba domin kowa ya ji. Muryar ta yi gaisuwa da Larabci mai santsi, ta ce kamfani ya yi rashin ɗaya daga cikin farrashansa masu aminci. Farrash shi ne mai shara da kai shayi a ofis. Sunan ma bai faɗa daidai ba, sunan tsohon mai gadi ya kira.

Inna ta miƙe ta leƙa ta bakin zana. "Ya walad, kai yaro, ɗauki sukarinka ka koma."

Ƙanen kakana ya ce mata ba a yin haka a gidan makoki, kuma yaron ɗan aike ne.

"To ku sha," in ji ta. "Ni ba ya shiga bakina."

Har aka tashi daga zaman, shayinta babu sukari take sha.

Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Yaranmu sun tashi sun tarar da wani tsoho mai faɗa a kan angarib, ba su san ya taɓa zama wani abu ba. Ni na sani, domin na yi aiki tare da shi a ofis ɗaya shekaru masu yawa, ina teburin karɓar baƙi da amsa waya, kuma shi ya nema mini aikin bayan rasuwar mijina.

Kawu yayan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun yana saurayi ya bar hawashar kakana ya tafi Sinja, ya shiga wani kamfanin da ke sayen riɗi da dawa da ƙaro. Da ɗaukar tsani ya fara, yana bin wani tsohon ma'aikacin waya, har ya gaje shi. Abin da aka damƙa masa shi ne kabbaniya, wato akwatin da ke karɓar layukan waya kaɗan daga waje ya raba su ga wayoyi masu yawa a cikin ofis. Akwatin toka-toka ne, a manne da bango, a wani ɗan ɗaki ƙarƙashin matakala inda mutum ba ya iya miƙewa sosai. Kowane tebur yana da lambarsa ta cikin gida, wadda muke kira tahawila, kuma Kawu ne ke raba su. Shi ke tsara wayar da za ta iya kiran Khartoum, da wadda za ta iya kiran ƙasar waje, da wadda iyakarta ofis. Shi ke tsara inda kira zai koma in ba a ɗauka ba: daga mai sayen riɗi zuwa mataimakinsa, daga mataimakin zuwa gare ni. In aka ɗauki sabon ma'aikaci, kafin ya samu kujera Kawu ya riga ya ja masa waya. In aka kori mutum, shi ake aika wa ya rufe lambar, kuma ran nan ba ya shan jabanarsa, gahawarsa ta hantsi.

Ba shi da fara'a, ba zan ƙaga masa ba. Ranar da na fara aiki ya tsaya a kaina yana sauraren yadda nake amsawa. Da na ajiye sai ya ce, "Ɗiyata, mai kira bai ga fuskarki ba, bai ga tufarki ba. Muryarki kaɗai ya gani, kuma kin ba shi ita kamar ana binki da gudu." Wata rana na bar wani manomi a kan layi na manta da shi. Kawu ya gani a fitilar akwatinsa, ya fito daga ƙarƙashin matakala a duƙe, ya ce, "Mutumen ga kuɗin ƙwadago nai ya saka ya kira ki. Ko ki haɗa shi, ko ki ce mishi babu. Kar ki rataye shi." Ba ya iya wuce igiyar waya da ta murɗe bai tsaya ya warware ta ba, ko a teburin wa take, ko ana taro. Kan waya kuwa sai ya hure shi ya goge da bakin rawaninsa kafin ya kara a kunne.

A ofis Larabci yake yi, kamar kowa. Amma in wani dattijo daga ƙauyuka ya kira yana ta kokawa da Larabcin da bai ishe shi ba, sai in tura wa Kawu. In ji shi ta ƙofar ɗakin yana cewa, "Faɗi da Hausa, baba, ina jin ka." Daga baya ma manoman suka haddace tahawilarsa, suna kira kai tsaye su tambayi farashin riɗi wajen mutumin da bai taɓa sayen ko mudu ba.

Da aka kawo na'urar da ke amsa kira da kanta, shi ya kafa ta, shi ya tsara in ka danna wannan lamba ka samu sashen saye, in ka danna waccan ka samu sito. Ya ɗauki gaisuwar da muryarsa don gwaji, ta yi kwanaki tana aiki. Sai wani babba ya ce harshen bai dace da kamfani ba, ana jin Fallatanci a ciki. Fallata suke kiranmu dukanmu, ko an haifi kakan kakanka a bakin kogin nan. Aka nemo wata yarinya daga Khartoum ta karanta. Kawu ne ya riƙe mata kan wayar, yana nuna mata inda za ta numfasa. Da ta tafi na ce masa abin ya yi mini ciwo. Ya ce, "Muryarta ta fi tawa daɗi. Koma teburinki."

Duk shekarun nan a matsayin ma'aikacin wucin gadi yake. Kullum aka zo maganar tabbatar da shi sai a ce takardar jinsiyarsa, ta zama ɗan ƙasa, tana da sauran bincike, a kawo shaidar inda aka haifi kakansa. Ya ga waɗanda ya ja wa wayarsu ta farko sun zama shugabannin sashe. Shi yana nan a duƙe.

Akwai abin da ya yi wanda har yau ban iya wanke shi a kai ba. Wannan tun kafin salula ta shigo hannun kowa ne, ni ma ban fara aiki ba, daga bakin Inna na ji, kuma shi bai taɓa musawa ba. Kakana ya kwanta ciwon ajali, ƙaramin ƙanensu kuma yana aiki a Saudiyya. Inna ta hau lori ta je Sinja, ta same shi a ɗakin kabbaniya, ta ce ya buga wa ƙanen nasu ya taho. Layin ƙasar waje yana hannunsa, danna lambobi kaɗan ne.

Ya ce, "Layin ga ba nawa ba ne. Amana aka ba ni."

"Yaya, ubanmu ne fa ke mutuwa."

"Na sani. Tashi mu tai kasuwa, akwai shagon waya."

Suka je suka tarar layin shagon ya lalace. Washegari ma haka. Kafin labari ya kai ga ƙanen nasu ta hannun wani matafiyi, an riga an yi sadakar uku. Inna ta daina yi masa magana. In ya zo ƙauye da salla za ta aika masa da kisra, wainar dawa, da miya, amma ba za ta fito ba. Haka suka yi shekaru. Ko da ya nema mini aiki, ta bakin ƙanen kakana ta aika da godiya.

Taurin nan dai shi ne ya nuna wa mudir na yanzu, ɗan mai kamfanin, lokacin da ya karɓi ofis daga hannun ubansa. Ya kira Kawu, ina tsaye da takardu a hannu, ya ce yana so a saita masa wayarsa yadda zai riƙa shiga kiran ma'aikata yana saurare ba tare da sun sani ba. Ya ce ya karanta, na'urar tana iyawa.

Kawu ya ce, "Na'urar tana iyawa, ya sayyid. Ni ne ba na iyawa."

Mudir ya yi dariya, ya ce a je. Amma daga ranar ya daina amsa gaisuwarsa da baki, sai da ɗaga gira.

Ba a jima ba aka ce za a cire tsohon akwatin a kawo sabon tsari mai bin intanet, wanda ake sarrafawa ta kwamfuta. Kowa ya ɗauka ƙarshen Kawu ya zo. Injiniyoyin da suka zo kafawa samari ne masu ladabi, sun san aikinsu, suka zaunar da shi suna nuna masa. Ya sha wuya. Yatsun da suka saba da filaya sun ƙi sabawa da madannai, idonsa kuma ya fara rauni. Wata safiya ya yi kuskure, duk kiran da ya shigo kamfani ya riƙa faɗawa wayar ɗakin shayi. Mai dafa shayi ya wuni yana amsa 'yan kasuwar Port Sudan. Ofis ya yi mako yana dariya, har da masu kwaikwayon tafiyarsa a duƙe. Ya sayi tabarau a kasuwa, ya daina fita cin abincin rana, ya zauna gaban kwamfutar har ya iya. Bayan wasu 'yan watanni shi ke haɗa ofishin Sinja da rumbun kamfani na Rufa'a kamar ɗaki da ɗaki. Ranar da ya fara yi, ya kira ni ta can ya ce, "Kin ji ni sarai?" Na ce na ji. Ya ce, "To," ya ajiye. Iyakar murnar da na taɓa ji daga gare shi ke nan.

Sai shekarar da rikicin ƙabilanci ya tashi, aka far wa mutanenmu a yankin Damazin da Roseires. Ba sai na ba Bahaushen ƙasar nan labari ba. Mutane suka kwararo Sinja a ƙasa da a bayan lori, aka zuba su a wata makaranta da ke kallon ofishinmu. Da yawa sun fito ba waya, wasu an ƙwace, wasu sun yar a guje. Mata suna tsayawa a bakin ƙofarmu suna roƙon duk wanda ya fito ya ara musu salula su nemi nasu. Wasu ma'aikatan suna bayarwa, wasu suna bi ta ƙofar baya.

Wayar ɗakin mai gadi ta cikin gida ce, ba ta fita waje. Ranar da abin ya yi yawa na ga Kawu ya shiga ɗakinsa, ya ɗan jima, ya fito da doguwar igiya a kafaɗa. Ya buɗe wa wayar mai gadi hanyar fita, ya jawo ta har bakin titi, ya ɗora a kan kujera a inuwar bango. Ya ce da Hausa, da ƙarfi, "Wanda ke da lamba a kai nai, shi matso."

Suka yi layi. Shi ke danna musu lambar. Na ga wata mata mai goyo ta faɗi lamba, aka buga ba ta shiga ba, ta sake faɗin wata, ita ma shiru. Ta juya za ta tafi, ya ce ta tsaya, ta tuna ko akwai maƙwabci, ko mai shago, ko malamin yara. Ta tuna lambar wani mai injin niƙa. Aka samu. Mutumin ya ce ɗanta babba yana wajensa, da rauni a ƙafa amma da rai. Matar ta zauna a ƙasa da kan wayar a hannu. Kawu ya karɓa ya ƙarasa mata, ya tambayi inda za a same su. Wasu kuwa abin da suka ji a wayar nan ba shi suka zo nema ba. Su ma yana tsaye a kansu har su gama, sannan ya goge kan wayar da rawaninsa ya miƙa wa na baya.

Kwanaki aka yi haka, mudir yana Khartoum. Da ya dawo ya ga layin mutane a ƙofarsa, bai ko hau sama ba, a tsakar ofis ya tsaya ya sa aka kira Kawu.

"Wa ya ba ka izini?"

"Babu."

"Ka mayar mini da kamfani zangon Fallata?"

Kawu ya dube shi. A ofis ɗin akwai Hausawa da yawa, masu dako, da mai shayi, da ni. Babu wanda ya ɗaga kai. Kawu ya ce, "Laifi nawa ne ni kaɗai. Mai gadi bai san komai ba."

Aka ce ya miƙa komai ga wani ɗan 'yar'uwar mudir da ya gama makaranta. Da yake na wucin gadi ne, ko takardar sallama ba a buƙata. Na zaci zai jefa musu mabuɗi ya fita. Sai ya zaunar da yaron ya bi da shi tsarin gaba ɗaya, ya ba shi kalmar sirri, ya nuna masa wayar da ke yawan katsewa in an yi ruwa, ya sa shi ya gwada a gabansa har ya gamsu. Da hannunsa ya rufe hanyar wayar mai gadi, ya naɗe igiyar, ya rataye a ƙusarta.

Na bi shi waje na ce ni ma na bar aikin. Ya juyo a fusace. "Marayunki mi za su ci? Fushina? Koma ki ɗauki waya, tana ƙara."

Na koma. Na ci gaba da cewa marhaba da muryar da ya koya mini, har yaƙi ya zo ya rufe ofishin da kansa.

Kawu bai taɓa ajiye iyali mai ɗorewa ba, matarsa ta rasu da daɗewa ba haihuwa, don haka gidan Inna ya dawo. Ina nan ranar da ya iso da akwatinsa na ƙarfe. Labari ya riga shi zuwa. Inna ta fito, karo na farko cikin shekaru, ta tsaya a gabansa.

"Ga bare ka buɗe layi. Ga ubanka ka rufe."

Ya ajiye akwatin. Ya ce, "Tun ran nan nike jin muryarki a ɗakin kabbaniya. Da na ga matan, ke na gani."

"Wannan bai dawo da ubanmu ba."

"Bai dawo ba."

Ta ce a share masa ɗakin kakana. Ban ce ta yafe ba, ban taɓa jin ta faɗa ba. Amma daga ranar ita ke kai masa abinci da kanta.

Ƙauye bai san abin da zai yi da shi ba. Bai iya noma ba, ƙarfinsa ya tafi. Mutane suna kawo masa salularsu da ta fashe, ya ce wannan ba irin aikinsa ba ne, su tafi suna cewa girman kai. Da yaƙi ya iso yankinmu na Gezira, hanyoyi suka rufe, layukan waya suka ɗauke gaba ɗaya, muka yi ta gudu muna dawowa. Yana da ciwon sukari, maganin ya yanke. Ƙafarsa ta yi gyambo ta ƙi warkewa. Da abubuwa suka ɗan lafa, na ji kamfani ya sake buɗewa, na je Sinja na nemi su taimaka da mota a kai shi asibiti. Aka ce in jira a teburin karɓar baƙi, teburina na da. Wata sabuwar yarinya ta buga sama, ta saurara, ta ce mini mudir yana taro. Na zauna har aka tashi. Motar da ba ta samu ba ran nan ita ce ta kawo sukari.

A makonsa na ƙarshe ba ya gane mutane sosai. Larabcin ma ya bar shi, sai Hausa, irin ta kakanninmu wadda yaranmu ba sa ji duka. Inna tana zaune a gefensa tana kore masa ƙuda da bakin mayafi. Ranar da zai cika, da hantsi, ya buɗe ido ya kira ta da sunan da ake kiranta tana yarinya, sunan da ni ban taɓa ji ba. Ya ce yana jin ƙishi. Ta ɗaga kansa ta ba shi ruwa a moɗa, ya sha kaɗan, sauran ya bi gemunsa. Ta goge masa. Ya ce, "Kin gaji da ni."

Ta ce, "Na gaji. Sha dai."

Kafin hantsi ya wuce ya tafi, hannunsa a cikin nata.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa abin da ya yi wa Inna da abin da ya yi wa kansa, ya yalwata masa kabari, shi da ya ƙare rayuwarsa a ɗakin da ba a miƙewa. Allah ya ba Inna ladan jinya. Sauran kuwa, su mudir, liman ya ce mu yi wa kowa fatan alheri, mu bar wa Allah. Na ɗaga hannu tare da jama'a, na shafa. Amma bakina bai motsa ba, kuma har yau bai motsa ba.